Yadda ake ƙwarewa a fahimtar nassi don jarrabawar GRE

Ɗan 'yar'uwata ya gama digirinsa na farko a kimiyyar sinadarai da sakamako mai kyau, ya sa a ransa zai nemi digiri na biyu a Amurka, abin da ya kai shi ga GRE, jarrabawar da wasu jami'o'in can ke nema kafin su ɗauki ɗalibin digiri na biyu. Wata uku ya yi yana haddar kalmomin Turanci, kullum da 'yan katuna a aljihu. Da ya yi gwaji na farko, lissafi ya tashi da maki mai daɗi, sashen harshe kuwa ya ba shi kunya. Na zauna da shi muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. A kan wata tambaya ya dage, yana buga yatsa a allon kwamfuta: "Kawu, wallahi wannan amsar gaskiya ce, mun yi ta a aji uku." Na ce masa na yarda gaskiya ce, amma ya nuna mini layin da marubucin ya faɗe ta. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu ita. A nan matsalarsa take, kuma ita ce matsalar yawancin yaranmu da suka taso a kan tambayoyin WAEC da JAMB, inda sau da yawa kalmar da ke cikin tambaya za ta kai ka layin da amsa take. GRE tana so ta ga ko za ka iya bin hujjar wani mutum, ka san inda ya tsaya, ka kuma tsaya daidai nan ba ƙari.

Mataki na farko: ka san abin da za ka tarar

Hukumar ETS da ke Princeton a jihar New Jersey ce ke shirya GRE. Tun watan Satumba na 2023 aka gajarta ta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Sashen harshe kashi biyu ne: na farko tambaya 12 a minti 18, na biyu tambaya 15 a minti 23. Ke nan tambaya 27 a minti 41, kusan minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya, kuma a ciki ne za ka karanta nassin kansa. Wajen rabin tambayoyin na fahimtar nassi ne, sauran na cike gurbi ne a jimla. Maki yana farawa daga 130 zuwa 170. Wahalar kashi na biyu tana bin yadda ka yi a na farko: in ka yi ƙoƙari, za a ba ka mai tsauri, kuma ta wannan ƙofar ake kaiwa ga maki mai yawa. Don haka in ka ji kashi na biyu ya yi zafi, kada gabanka ya faɗi.

Tambayoyin nassi iri uku ne. Akwai mai zaɓi biyar ka ɗauki ɗaya. Akwai mai zaɓi uku da za ka ɗauki duk waɗanda suka dace, ko ɗaya ko biyu ko duka ukun, kuma in ka bar ɗaya ko ka ƙara ɗaya babu rabin maki. Akwai kuma wadda za a ce ka danna jimlar da ke yin wani aiki a cikin nassin. Nassoshin suna fitowa daga kimiyya, tarihi, adabi, zane-zane, zamantakewa da kasuwanci, yawancinsu sakin layi ɗaya ne.

Kafin ka biya ko sisi, shiga shafin sashen jami'ar da kake nema ka tabbatar suna buƙatar GRE, domin tun 2020 sassa da yawa sun mayar da ita ganin dama. In kuma makarantar kasuwanci kake hari da jarrabawar GMAT, kusan duk abin da zan faɗa a nan zai yi maka aiki.

Daga nan ka buɗe asusu a shafin ETS ka yi gwajinsu na kyauta mai suna POWERPREP, da agogo, ba tsayawa. Ka yi shi tun kafin ka fara shiri. Makin da ka samu ba abin kunya ba ne, awo ne kawai na inda kake tsaye.

Mataki na biyu: ka koyi raba muryoyi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure yana karatun fiƙihu ya san wannan fasaha, ko da bai san ya san ta ba. Malam zai karanta: wasu sun ce kaza, an kuma ce kaza, amma mashhurin zance shi ne kaza. Ɗalibin da ya tashi ya ɗauki "an ce" a matsayin hukuncin mai littafi ya yi ɓatan kai, ko da ya haddace kowace kalma. Nassin GRE haka yake. A cikin layi goma za ka iya samun muryoyi uku: tsohon ra'ayi da masana suka daɗe a kai, sabon bincike da ya ƙalubalance shi, sai marubucin da kansa, wanda sau da yawa bai bi wancan gaba ɗaya ba, bai kuma bi wannan gaba ɗaya ba.

Ga misali da na tsara da Hausa a kan siffar nassin jarrabawar, don ka ga ƙashin abin ba tare da Turanci ya tare maka ido ba:

*Shekara da shekaru likitoci sun ɗauka cewa damuwa da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki, kuma sun yi imani babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin asid ɗin. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka danganta gyambon da ƙwayar Helicobacter pylori, daga baya kuma aka ga cewa kashe ta da magani yana warkar da masu yawa. Sai dai mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar ba tare da gyambo ya taɓa kama su ba, wasu kuma yana kama su babu ƙwayar a jikinsu, musamman masu yawan shan maganin kashe zafi irin asfirin. Mai yiwuwa ne, ke nan, ƙwayar ba ita kaɗai ke aikin ba.*

Jimla ta farko muryar tsoffin likitoci ce, kuma "sun ɗauka" ta riga ta gaya maka marubucin zai juya musu baya. Ta biyu sabon bincike ne. "Sai dai" ita ce ƙofar da marubucin ya shigo da kansa. "Mai yiwuwa" kuma ta nuna iyakar ƙarfin maganarsa: bai rantse ba.

A Turancin jarrabawar, kalmomin da ke yin wannan aiki ƙanana ne, ido yana tsallake su. Masu juya magana: "however", "yet", "although", "nevertheless". Masu jingina magana ga wasu: "traditionally", "it has long been assumed", "critics contend", "supposedly". Masu kawo hukunci: "thus", "hence", "consequently". Masu rage ƙarfi: "may", "some", "tends to", "suggests". Akwai kuma masu ruɗa mu da yawa saboda kore ne a ɓoye: "hardly", "scarcely", "by no means", da kore biyu a jere irin "not uncommon". Ka rubuta su a bangon littafinka. A makon farko, duk nassin da ka karanta, ka ja layi a ƙarƙashin waɗannan kaɗai, ka rubuta a gefe wa ke magana. A ganina waɗannan 'yan kalmomi sun fi kalmomi dubu na hadda amfani a wannan sashe.

Mataki na uku: taswira a takarda, ba kwafe nassi ba

Bayan kowane sakin layi ka rubuta kalma huɗu ko biyar a kan aikin da ya yi. Ga nassin sama, abin da zan rubuta bai wuce haka ba: tsoho, asid, sabo, ƙwaya, marubuci, ba ita kaɗai ba. Sunaye, shekaru da alƙaluma kada ka wahalar da kanka wajen riƙe su, nassin yana nan a gefen allo, in an tambaya sai ka koma. Abin da ake so ka riƙe shi ne inda kowane abu yake da dalilin da ya sa aka kawo shi.

Ga wata dabara da mai harshe biyu yake da ita. Lokacin atisaye, in ka gama nassi, ka kau da kai ka faɗi abin da ya ƙunsa da Hausa, a jimla biyu, kamar kana yi wa ƙaninka bayani. Turanci yana ba mutum damar maimaita kalmomin marubuci ya zaci ya gane. Hausa ba za ta bari ba: in ba ka gane ba, bakinka zai tsaya. Amma ka kula, wannan bayan karatu ne. Fassara kowace jimla a zuci yayin karatu tana cin lokacin da ba ka da shi.

Mataki na huɗu: warware doguwar jimla

Marubutan ilimi suna son jimla mai layi biyar, inda mai aikatawa yake farko, aikatau kuma sai can ƙarshe, tsakaninsu an cusa bayani a cikin waƙafi. In ka ci karo da irinta, ka nemo abu biyu: wa ake magana a kai, me ya yi. Ka tsallake duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ka karanta ƙashin jimlar, sannan ka dawo ka mayar da naman. Ka kuma bi diddigin 'yan kalmomin nan masu nuni, "this", "it", "such", "the former", "the latter", ka tabbatar ka san abin da kowace ke nufi. Rabin ruɗani daga nan yake tasowa.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da wata riba a nan, domin manyan kalmomin Turancin ilimi da yawa daga Latin suka fito, kuma suna kama da na Faransanci. Sai dai su yi hattara da masu kama a fuska da bambanci a ma'ana, irin "actually" da "eventually".

Mataki na biyar: ka yi hukunci irin na alƙali

A mazhabar Malikiyya an san cewa alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa, sai da abin da aka tabbatar a gabansa. Ka ɗauki wannan ƙa'ida ka shiga da ita ɗakin jarrabawa. Nassin shi ne shaidarka, ba ka da wata.

Mu koma kan gyambon ciki. A ce an tambaya: wanne ne nassin ya fi goyon baya?

Zaɓi na ɗaya: gano ƙwayar ya tabbatar damuwa ba ta da wata alaƙa da gyambo. Na biyu: Marshall da Warren sun samu kyautar Nobel saboda wannan aiki. Na uku: samun ƙwayar a cikin mutum bai isa a yanke cewa gyambo zai kama shi ba. Na huɗu: asfirin ya fi ƙwayar haddasa gyambo. Na biyar: marubucin yana ganin ƙwayar cuta ba ta rayuwa a cikin asid.

Na ɗaya ya wuce gona da iri. Marubucin da ya ce "mai yiwuwa" ba zai ce "ya tabbatar" ba. Na biyu gaskiya ne, sun samu kyautar a 2005, amma nassin bai faɗa ba, kuma wannan shi ne ramin da ɗan 'yar'uwata ya faɗa. Na huɗu ya ƙirƙiro gasa tsakanin abu biyu da nassin ya ambata ba tare da ya auna su ba. Na biyar ya ɗauki maganar tsoffin likitoci ya sa a bakin marubuci, da kalmomin nassin sak, shi ya sa yake jan ido. Na uku ne amsa, kuma za ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya haife ta.

Ka lura da yadda amsar gaskiya take: ba ta da armashi, ba ta cika baki, ba ta ma yi amfani da kalmomin nassin ba. Haka take zuwa sau da yawa. Waɗancan tarkuna huɗu kuwa, wato zuzutawa, gaskiyar waje, kwatancen da ba a yi ba, da sauya mai magana, za ka yi ta haɗuwa da su a tufafi daban-daban. Da ka saba kiran kowanne da sunansa, za ka ga ka fara jin ƙanshinsu tun daga nesa.

Al'ada ɗaya da za ta tsare ka: karanta tambaya, rufe zaɓuɓɓuka da tafin hannu, koma nassi, faɗi amsar da bakinka, sannan ka buɗe ka nemi wadda ta yi kama da taka. Wanda ya shiga zaɓi biyar ba tare da tasa amsar ba kamar wanda ya shiga kasuwar Kwari ne bai san yadin da yake nema ba, duk wanda aka miƙo masa sai ya ga ya yi kyau. In zaɓi biyu suka rage, daina neman wanda ya fi daɗi. Nemi kalma ɗaya da ta lalata ɗayansu, domin amsar da kashi tara nata daidai ne, kashi ɗaya kuskure, kuskure ce gaba ɗaya.

Mataki na shida: gajerun nassoshin hujja

Za ka tarar da nassi mai layi uku ko huɗu, a ce wanne zai raunana hujjar, ko ya ƙarfafa ta, ko wane zato aka gina ta a kai. Misali: wata unguwa ta kafa fitilun titi masu aiki da hasken rana, sata ta ragu, don haka fitilun ne suka rage satar. Raba dalili da hukunci, sannan ka tambayi kanka me mai maganar ya ɗauka bai faɗa ba. Ya ɗauka babu wani abin da ya sauya a unguwar. In wani zaɓi ya ce a wannan watan ne 'yan sintiri suka fara zagaye da dare, ya rusa hujjar. In wani ya ce fitilun suna da tsada, ya yi magana a kan fitilu, amma bai taɓa hujjar ba ko kaɗan.

Mataki na bakwai: karatun kullum

Dabara ba ta maye gurbin sabo. Ka ware minti talatin zuwa arba'in kullum, da safe bayan asuba in zai yiwu, ka karanta rubutu mai gardama a ciki. Labaran jarida na "gwamna ya ce" ba za su yi ba, domin ba sa gina hujja. Nemi irin maƙalun Aeon da The Conversation, waɗanda kyauta ne a intanet, ko Scientific American, Smithsonian, The Economist da The Atlantic in ka samu. Sharhin littattafai ya fi komai kama da nassin GRE, saboda a ciki mutum ɗaya yana auna ra'ayin wani.

Ka zaɓi fannin da ba ka so. Ɗan kimiyya ya karanta tarihin zane da sukar adabi, ɗan adabi ya karanta ilimin taurari da halittu. Nassoshin suna yawan taɓo tarihin Amurka da marubutanta, abin da ba mu taso da shi ba. Ba a buƙatar ka san shi kafin ka amsa, amma wanda ya saba ganin irin sunayen ba ya razana in sun fito. Ka kuma yi karatun a kwamfuta, ba a waya ba, tunda a kan allo za ka yi jarrabawar. In wuta ko data na ba ka matsala, sauke maƙalu biyar lokaci guda ka ajiye. Kalmar da ba ka sani ba, fara cankar ma'anarta daga jimlar, sannan ka duba ƙamus, ka rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki.

Mataki na takwas: littafin kurakurai

Sayi littafin rubutu guda, na wannan aiki kaɗai. Duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci da sa'a, ka rubuta abu uku: me ya ja ka zuwa amsar da ka zaɓa, wane layi ne ya tabbatar da amsar gaskiya, wane irin tarko ne. Kada ka rubuta "ban kula ba", wannan ba dalili ba ne. Rubuta "na tsallake 'although'" ko "na kawo sanina na waje". Ɗan 'yar'uwata da ya yi mako biyu yana wannan, ya zo mini da littafin a buɗe ya ce, "Kawu, ashe kuskure biyu nake ta maimaitawa." Tambaya goma da aka bi diddiginsu haka sun fi ɗari da aka yi aka duba maki aka wuce.

Ka fi dogara da tambayoyin ETS na asali, na shafinsu da na littattafan da suka wallafa. Na sauran kamfanoni suna da amfani wajen motsa hannu, amma sau da yawa tarkunansu ba su da laushin na asali. Tunda na asalin ba su da yawa, kada ka ƙone su a makon farko.

Mataki na tara: sai yanzu agogo

In kana da mako goma, ka yi huɗun farko ba agogo, kana neman daidai kawai. Sauri da aka nema kafin fahimta kuskure yake ƙarawa. Daga mako na biyar ka fara sa lokaci: gajeren nassi minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi na karatu, dogo kamar minti uku, kowace tambaya wajen minti ɗaya. Tambayoyin cike gurbi su ne wurin tara rarar lokaci, ka yi su da hanzari ka ba nassi abin da ya saura. Makonni biyun ƙarshe ka yi cikakken gwaji sau biyu ko uku, a daidai lokacin da za ka yi na gaske, waya a kashe, ƙofa a rufe.

A ranar jarrabawa, kana da damar yi wa tambaya alama ka wuce ka dawo mata, muddin kana cikin kashi ɗaya. Yi amfani da wannan. Duk tambayoyin kashi ɗaya darajarsu ɗaya, don haka wadda ta cinye maka minti uku ta sace na wasu biyu. Ba a rage maki saboda kuskure, ke nan kafin ka bar tambaya ka danna zaɓin da ya fi kwanta maka, kada lokaci ya ƙare ta zauna fayau. Ana iya yin jarrabawar a gida ta intanet ƙarƙashin sa ido, amma in wutar unguwarku ko layin intanet ɗinku ba abin dogaro ba ne, gara ka yi tafiya zuwa cibiya ka zauna da kwanciyar hankali. In sakamakon bai yi maka ba, ana sake ta bayan kwana 21, har sau biyar a cikin wata 12, makin kuma yana aiki shekara biyar. Don haka ka sa ranar farko aƙalla wata biyu kafin jami'ar ta rufe karɓar takardu, yadda in ta kama a sake, akwai sarari.